Yadda Ake Shawo Kan Suruki a Bakin Murhu

A Campos do Jordão, garin hutu na kan dutse a Brazil, aka haife ni, na kuma ga isassun 'yan birni sun hawo dutsen nan don kawai a gan su cikin rigar sanyi. Bi abin da zan gaya maka, yarinyar da kake nema ta zama taka. Ɗan ƙanwata Edvaldo ya gwada a kan iyayen budurwarsa Jucélia, kuma yana nan da ransa.

1. Ari kwat

Mai gashi, mai nauyi, irin wanda in ka faɗi sai an taru an ɗaga ka. Kada ka damu don rana na ƙwallewa. Shi Edvaldo kwat ɗina ya ara.

2. Nemi teburin bakin murhu

Mai kawo abinci zai ce, "Yallaɓai, nan da zafi fa." Harare shi. Talaka ne ke jin zafi a garin hutu.

3. Sa a kawo narkakken cuku

A tukunya yake zuwa, da 'yar wuta a ƙarƙashi. Ka ga ke nan wuta a gabanka, wuta a bayanka.

4. Kada ka riga suruki tuɓewa

Nan ake gane namiji. Baban yarinyar, Seu Aparecido, shi ma da nasa kwat ɗin ya zo, ya rufe maɓallai har wuya. Ya dubi Edvaldo ya ce, "Yaro, kamar zafi kake ji?"

"Ni, Baba? Ai rawar ɗari nake."

"Ni ma," in ji tsohon, gumi na ɗiga daga hancinsa cikin cukun.

Matarsa Dona Neusa ta ce, "Don Allah ku cire, kun yi jajir kamar tumatir."

"Ke dai tsoma burodinki," in ji mijin.

Jucélia ta take ƙafar Edvaldo a ƙarƙashin tebur, ta raɗa masa, "Wallahi in ka kashe min uba, ba aure."

Kai dai daure, ka ƙara loma.

5. In ya faɗi, kai za ka fara isa

Ana kawo shayin cakulan mai tururi tsohon ya sulale ƙasa. Edvaldo ya ciccibe shi zuwa waje, ya ɓalle masa maɓallai don ya sha iska. Ko singileti babu a ciki. Ɗamarar matse tumbi ce kawai, mai furanni, irin ta masu jego.

Tsohon ya buɗe ido, ya damƙi hannunsa. "Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, Baba."

"Maida maɓallan kafin matan su fito." Ya yi ajiyar zuciya. "Yaushe kuke son bikin, ɗana?"

Gargaɗi: in naka surukin bai farfaɗo ba, ko ya farfaɗo amma ba shi da abin ɓoyewa, ni ban san ka ba, ban ma taɓa ganinka a garin nan ba.