Bushiyar Gindin Zogale

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka gayyace ni nunin zane a Tarauni. Sana'ata sassaƙa hoto a katako, in shafa tawada, in buga a takarda.

Wata rana da magariba na hango bushiya ta dunƙule a gindin zogalenmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Na hana kowa motsi, na zana ta daga nesa. Ko gezau ba ta yi ba.

Ranar nunin na kafa hoton bushiyar, ina ta cika baki: "Dabba ta san mai fasaha, shi ya sa ta natsu."

Matata ta ƙura wa hoton ido, ta ce a gaban jama'a, "Malam, ai soson ƙarfena ne da ya ɓata."

Har yau in za ta wanke tukunya sai ta ce, "Miƙo min bushiyarka."