Yaren Sifen na cikin waya

Wuyar da na sha kan yaren Sifen, ko a sana'ata ta gyaran rediyo ban sha irinta ba, kuma ranar da ya tona min asiri ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Bayan soja sun koma bariki wayar salula ta shigo Kano. Tsofaffi ake kwaso mana daga Turai, da yawa da yaren Sifen a ciki. Ni da na tsaya a firamare, a teburina na ƙofar shagon Alhaji Sule mai fata a Jakara, na dinga latsawa har na gane: *ajustes* wajen saiti, *idioma* yare, *borrar* gogewa, *guardar* ajiyewa. Sai in mayar wa mutum wayarsa Turanci. Daga nan na sa aka ƙara min a allona, ƙarƙashin GYARAN REDIYO: ANA JIN SIFANIYANCI. (Ba wanda ya aike ni.)

Ranar walimar auren 'yar Alhaji, Baturen Sifen da ke sayen fatarsa ya zo. Alhaji ya jawo hannuna gaban manyan Madabo da Kabara.

"Ga ɗan gida. Malam, yi wa Bature maraba da yarensu, ya san mu ma muna da mutane."

Na ce, "*Bienvenido*." Abin da waya ke rubutawa ke nan in an kunna ta.

Bature ya washe baki, ya rungume ni, ya ɓarke da zance kamar an fasa famfo. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ya tsaya yana jiran amsa. Na laluba kaina, abin da ya fito shi ne, "*Batería baja*." Wato caji ya yi ƙasa.

Bawan Allah ya zaro wayarsa ya duba. A cike take.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

"Ya ce Allah ya ba da zaman lafiya."

Sai Baturen ya juya, da Hausarsa ta 'yan fata: "Alhaji, abokinka ba ya ji. Na tambaya ina banɗaki."

Aka kwashe da dariya, har da masu rabon alkaki. Alhaji bai yi ba. Ya saki hannuna ya ce, "Teburinka yana tare min ƙofa."

Har yau Batiriya ake kirana, ni da furfurata. Ashe waya ba ta koya wa mutum hira.

Washegarin walimar da safe na ari baro, na kwashe teburin zuwa bakin kwata, na kankare allon da wuƙa. Na bar GYARAN REDIYO kawai.