Kawu Ƙamus da Teburin Marigayi

Duk unguwar nan babu mai ilimin Kawu Ƙamus, shi da kansa ya tabbatar da haka. Kwana uku cur ya yi a taron bita kan sasanta rikici. Ya dawo da takardar shaida, ya sa mata gilashi, ya rataye ta inda baƙo bai isa ya kauce mata ba. Tun ranar bai ƙara ce wa kowa "yi haƙuri" ba. Wannan ai maganar jahilai ce.

Ran nan ƙanwarsa ta zo masa da kuka. 'Ya'yanta biyu, kafintoci, sun ɓata, har sun rantse sai sun raba teburin aikin da mahaifinsu ya mutu ya bari. Shekara talatin mijinta yana aiki a kansa, duk tabon guduma da ke jiki ta san shi.

"Yaya, zo ka tsawatar musu."

"Tsawa? Wannan aikin ilimi ne."

Ya zura kwat, ya rungumi ƙamus, suka nufi shagon. Wa da ƙane na tsaye suna huci. Kawu bai ko dube su ba. Ya jingina falankin katako a bango, ya zaro alli, ya ba su baya.

"Bature ba ya kwantar da fitina da ka," in ji shi. "Kalmarsa ta rarrashin jariri daban. Ta kwance bam kafin ya tashi daban. Akwai ta toshe bakin azzalumi da abin da yake so, akwai ta rage wuta kaɗan-kaɗan. Sai na gano wadda ta dace da ku kafin in sa baki."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yana cikin zana layi, yaran suka sauko da babban zarton nan da sai mutum biyu ke ja. Wa ya kama nan, ƙane ya kama can.

Kawu ya ji ƙarar zarto, ya yi murmushi. "Kin ji ko? Ko rabi ban kai ba, har sun koma aiki tare."

"Yaya, don Allah juyo!"

"Kada ki katse ni, ina kan kalma ta uku."

Yana kan ta huɗu teburin ya faɗi. Rabi biyu, kowane da ƙafa biyu, babu wanda zai ƙara tsayuwa. Kowa ya ja nasa ya fice.

Uwar ta durƙusa, ta ɗebi garin katakon, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Yaya," ta ce, "me Baturen yake ce wa wanda aka kira kashe gobara, ya tsaya auna guga?"

Kawu Ƙamus ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya fara dubawa.