Yadda Za Ka Tallata Muryarka Ba Tare da Kowa Ya Gane Ka Ba

Kai mai sana'ar murya, kai da ake kira ka karanta talla a rediyo ko ka ce wa masu buga waya su danna ɗaya su danna biyu, matso kusa. Maƙogwaro kana da shi, suna ne babu. Bi matakan nan sau da ƙafa, tabbas sunanka zai kai inda muryarka ba ta taɓa zuwa ba. An gwada su a kan wani da abokan sana'a ke kira Tsawa, kuma bai tsallake ko ɗaya ba.

Aiki ɗaya Tsawa ya taɓa yi da ya karɓu, shi ne tallan maganin basir. Masu maganin suka ɗora shi a lasifika bisa motoci, yana zaga kasuwa da tasha: "Ɗan'uwa, me ya sa kake zama da gefe ɗaya? Zo mu yi magana." Yara sun haddace shi, direbobi na tsokanar juna da shi. Ba wanda ya san mai muryar, Tsawa kuma kullum addu'arsa kada a sani.

Mataki na ɗaya: Mallaki sitidiyo

Kada ka taɓa cewa ba ka da shi. Duk inda ƙara ba ta shiga, sitidiyo ne. Tsawa ya zaɓi sif ɗin kayan matarsa, domin tufafi na shanye amsa-kuwwa. Yakan shige da makirufo, ya lulluɓa da bargo, ya jawo ƙofa. A katinsa ya rubuta Sitidiyo na Ɗaya, don a ɗauka akwai na biyu.

Rannan yana tsakiyar "barkanku da shigowa jirginmu" sai ƙofa ta buɗe.

"Baban yara, ɗaga, ka zauna mini a kan mayafi."

"Ana ɗauka fa!"

"Ana ɗaukar me, zufa? Ji nan. Yayana har yanzu yana neman mai tsaya masa a shagon tayil. Kamfanin inshorar nan da ka ce sun kira ka gwaji, in sun ɗauke ka, na bar maka sif ɗin har da madubi. In ba su ɗauke ka ba, ka fitar mini daga cikin kaya ka tafi wurin Yaya."

Tsawa ya ce ya yarda. Kwangilar shekara guda ce, muryar kamfani a rediyo da waya, kuma a ransa ya riga ya cinye ta.

Riƙe wannan: iyali ba sa gane fasaha sai ranar da ta biya kuɗin wuta.

Mataki na biyu: Haɗa samfurin ayyukan da ba ka yi ba

Kowane mai murya na da samfuri, wato ɗan gajeren sautin da yake tura wa masu ba da aiki su ji iyawarsa. Masu ƙaramin buri sukan sa abin da suka yi. Kai sa abin da ya dace da kai. Tsawa ya yi sanarwar jirgin sama, shi da bai taɓa wuce wurin ajiye motoci na filin jirgi ba. Ya yi na banki, ya yi na agogo mai tsada, ya yi na turare inda ya dinga raɗa kamar mai mura.

In an tambaye ka wane jirgi ne, ka ce yarjejeniya ta hana ka faɗa. Kamfanin da babu shi ba ya ƙaryata kowa.

Mataki na uku: Hoto

Hedifon a ka, hannu ɗaya a kunne, ido a rufe kamar mai ciwon haƙori. A yanke hoton daga ƙirji, kada a ga makirufon ba a jone yake ba.

Mataki na huɗu: Toshe bakin mai shaida

Ko yaya ka binne aikin kunya, akwai wanda ya riƙe maka shebur. Na Tsawa shi ne Injiniya, dattijon da ya naɗi tallan, mutum mai ƙarancin magana wanda bai taɓa saɓa alkawari ba. Ana gobe gwaji Tsawa ya same shi a gaban na'urorinsa.

"Injiniya, alfarma na zo nema. Ka goge tallan basir ɗin nan daga kwamfuta. Kuma ko wa ya tambaya, ba ni ba ne."

"Haba Tsawa. Ai shi kaɗai ka yi da muryar da Allah Ya ba ka. Sauran duk da hanci kake yi."

"Manyan kamfanoni suna bincike. Za su iya sa wani ya kira ka da irin muryata don su gwada ka. Ko ka ji kamar ni ne, ko an ce maka an fasa, kada ka amsa. Rantse."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau, ya rantse, ya danna ya goge. Tsawa ya fito yana jin iska ta ko'ina.

Mataki na biyar: Ranar gwaji, bar muryarka a gida

Ɗakin jira cike yake da masu murya, kowa na gaisuwa kamar daga cikin rijiya. A kusurwa ga Aku, mai kwaikwayon muryoyin mutane a wuraren taro, wanda bai taɓa yin talla ko na ashana ba. Tsawa ya ba shi yatsu biyu maimakon hannu.

Manajar talla ba ta da lokacin ɓatawa. Ta miƙo takarda, ta ce bismilla. Tsawa ya gyara kwala, ya tura maganar ta hanci: "Inshora… kwanciyar hankali… gare ku…"

"Dakata, Malam. Wa ya rasu?"

"Salon ƙasashen waje ne, ranki ya daɗe."

Ta ajiye biro. "Da ka yi sallama a bakin ƙofa ba haka ka yi magana ba. Na ji kamar na san muryar. Ba kai ne na motar maganin basir ba?"

Mataki na shida: Musanta, kuma ka haɗa da zagi

Musu tsurarsa ba ya gamsarwa, sai ka tofa wa aikin yawu.

"Ni? Allah Ya kiyaye! Ranki ya daɗe, ni mutumin jirgin sama ne. Wancan ai ihun 'yan tasha ne. Ko a mafarki makirufona bai taɓa jin wannan kalma ba."

"Ayya," in ji Manaja. "Shi kuwa muke nema. Mahaifina ya yi shekaru yana ɓoye ciwonsa, mun yi magana har mun gaji. Motar nan ta wuce ta ƙofar gida, washegari da kansa ya ce a kai shi asibiti. Wanda ya sa dattijo ya amsa yana da basir, zai iya sa mutum ya sayi inshora."

Ta buɗe ƙofa ta tambayi ɗakin jira ko akwai wanda ya san mai muryar. Aku ya miƙe, ya sunkuyar da kai irin na mai kunya.

"Ranki ya daɗe, ban so a sani ba."

Ya buɗe baki ya yi tallan tun daga farko, har da ɗan numfashin da Tsawa ke ja kafin "zo". Masinjan ofis ya tafa.

Mataki na bakwai: In gaskiya ta fara biya, koma mata da gudu

Kada kunya ta hana ka. Tsawa ya sha gaban Aku.

"Ranki ya daɗe, wasa nake! Ni ne, wallahi ni ne!"

"Kai na jirgin sama?"

"Babu jirgi. A cikin sif na yi shi."

"To yi mu ji."

Ya yi. Amma hancin ya saba da aiki ya ƙi sakin maganar. Abin da ya fito kamar ana jan kujera a siminti.

"Ka yi ƙoƙari," in ji Manaja. "Ka ɗan kama salon."

Tsawa ya zaro waya, ya kira Injiniya, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Injiniya, Tsawa ne. Don Allah gaya wa Manaja wa ya yi tallan basir."

Dattijon ya yi gyaran murya. "Ba shi ba ne."

"Na fasa! Na warware rantsuwar!"

"Haka ya ce za ku ce. Kuma yaro, in za ka kwaikwayi Tsawa, ka daina kuka. Shi murya gare shi."

Injiniya ya kashe waya.

Mataki na takwas: Koyi bambancin tayil ɗin ƙasa da na bango

Na ƙasa ya fi kauri, kwalinsa kuma ya fi nauyi. Ka durƙusa kafin ka ɗaga.

A shagon Yaya rediyo ba ya mutuwa. Duk lokacin da tallan inshorar da aka ba Aku ya zo, Yaya kan ƙara sauti, ya ɗaga wa Tsawa hannu ya ajiye kwali ya saurara.

"Ka ji masu baiwa, ƙanina? Wannan ko dutse ya ce in saya, zan saya. Da irinsa ka nema ya koya maka, da ba ka ƙare a nan ba."

Tsawa yakan ce, "Haka ne, Yaya," ya sake sungumar kwalin.

Sanarwa: mai wannan jagora ba shi da hannu a kwangilar da ta suɓuce, ko ciwon baya, ko dattijon da ya riƙe amana fiye da yadda aka so. Wanda ya bi matakan nan ya ji muryarsa a bakin wani, kada ya kawo ƙara nan. In kuma an tambaya wa ya rubuta su, ba a san shi ba.