Ranar da na juya siniya a Umdurman

Akwai wata Juma'a da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ƙarfe biyu da rabi na rana ne, a Umdurman, wurin ɗaurin auren 'yar kawuna. Mu shida ne a kan siniya ɗaya, wato babban tiren abinci: ni, Kawu Usman, Alhaji Bashir mahaifin ango, da dattawa uku na unguwa.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a unguwar Alsahafa, can ƙetaren kogi, ɗaki ɗaya nake haya, ni kaɗai. Shekara biyu rabona da ƙetare kogi zuwa wajen dangi, har sun daina kirana. Kawu ne ya matsa aka gayyace ni, ya kuma zaunar da ni cikin manya domin surukai su san muna da malami.

Alhaji Bashir ya ce, "Ya ustaz, me ake koya wa yara yanzu?"

Tambayar gaisuwa ce, amsarta "alhamdulillahi". Amma na daɗe ba wanda ya tambaye ni komai (mai shayin bakin makaranta ma sukari kawai take tambaya). Sai na gyara zama. Na ce sararin samaniya faɗaɗa yake yi, gungun taurari suna ta nisantar juna. Na ce kowane gungu juyawa yake, kuma da saurin da yake yi ya kamata taurarin gefe su watse, sai dai akwai wani abu mai nauyi da ba a gani, shi yake riƙe da su.

"Allah mai iko," in ji Alhaji, ya kai hannu ga nama.

Ban gane an rufe magana ba. Na ce, "Bari ku gani," na kama bakin siniya na juya ta.

Kowa ya san abin da ke gabanka shi kake ci, kuma da gangan aka ajiye naman a gaban Alhaji. Naman ya taho gabana. Kwanon miyar kuɓewa, da yake shi ne tauraron gefe, ya zame ya kife a kan farar jallabiyarsa.

Alhaji ya dubi cinyarsa, ya dube ni.

"Ustaz, wannan kam ba abin da ya riƙe shi."

Kawu ya ce wa Alhaji "malesh", wato a yi haƙuri, sau uku, bai kalle ni ba. Na koma Alsahafa cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, da bas, hannuna na warin miya.

Abin haushi, ni nake koya wa ɗalibai cewa ƙarfin da ke ɗaure cikin ƙwayar zarra, duk da ya fi kowanne, ba ya aiki sai a kusa-kusa. Wanda ya yi shekara biyu a nesa, kamata ya yi ya zauna ya ci kisra, gurasar nan ta dawa, ya yi shiru.

Bayan wata huɗu Kawu ya sake kirana, wannan karon bikin suna ne na wani ɗan'uwa. Na je. Aka kawo mini abincina a faranti daban.