Ranar da Na Rufe wa Surukina Ido

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da na so in manta. Ba ragon nake tunawa ba, ba kuma taron jama'ar da suka cika mana gida a garin Beltsville, a ƙasar wajen da muke zaune, ba. Abin da na yi wa surukina a gaban baƙi ne.

Bari in fara faɗa muku halina: ina da son a san na sani. Tarihi nake karantawa a jami'ar da ke College Park, kuma idan na koyi abu da safe, to kafin la'asar sai na samo wanda zan koya wa (matata Hadiza ta fi kowa shan wannan wahala). Ana saura 'yan kwanaki suna, na je kasuwar tsofaffin kaya a Manassas neman kujerun baƙi, na dawo ba kujera, sai wani abin leƙe na katako mai gilashi biyu, da katuna masu hoto. Kowane kati hoto biyu ne kusan iri ɗaya a jere. Idan ka saka shi ka leƙa, sai su haɗe su zama ɗaya, ka ga nesa da kusa kamar kana tsaye a wurin. Hotunan na jiragen balan-balan ne, manya-manyan nan da Jamusawa suka riƙa jefa bom da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk waɗanda aka harbo ne: ƙarafa a ƙone a tsakiyar gona, kamar haƙarƙarin raƙumi, ga sojoji da 'yan kallo sun kewaye su.

Surukina, Alhaji Sani, daga Katsina ya zo musamman, don sunansa muka sa wa yaron. Tsohon direban babbar mota ne. Ya daina dogon zango, amma yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita. Shi ke kai maƙwabta asibiti, shi ke kai gawa ƙauye. 'Ya'yansa sun sha cewa a ɗauko masa direba, amsarsa ɗaya ce: "Idona ƙalau, ku bar mini makullina."

Bayan an ci an sha, maza na falo ana hira, sai halin nawa ya motsa. Na fito da abin leƙen. Kowa ya leƙa sai ya ce "Kai!", wani har da miƙa hannu zai taɓa soja. Ni kuwa ina tsaye ina zuba bayani kamar ni na harbo jirgin. Daga ƙarshe na durƙusa na miƙa wa Baba, wato surukina.

Ya leƙa, ya ɗan jima, ya ce, "Na gani. Allah mai iko." Ya miƙo mini.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa raina bai so ba, don bai ce "Kai!" ba. Na ce, "Baba, ba ka ga sojan gaban nan kamar zai fito ba?"

"Na gan shi, Malam."

"A'a Baba, ba ka gani sosai ba. Bari in gyara maka."

Na ja katin gaba, na mayar da shi baya. Wani dattijo ɗan Nijar da ke gefe ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam, Alhaji ya ce ya gani." Ban ji ba (na ji, amma ban ji ba). Na juya ga jama'a na ce ai sirrin abin shi ne ido biyu, kowane ido da hotonsa, wanda duk bai ga zurfin ba to ido ɗaya yake kallo da shi. Don in nuna musu, sai na sa tafin hannuna na tare katin ta gefen hagu.

"Yauwa Baba, yanzu da na dama kaɗai kake kallo. Sojoji nawa ka gani?"

Ya ci gaba da leƙawa. Na ɗauka ƙirgawa yake yi, har ina murmushi ina kallon jama'a. Can ya sauke abin a hankali ya ɗora a cinyarsa, ya ce, "Ba na ganin komai, Malam. Wannan idon ya daɗe da tafiya."

Na ɗaga kai, sai ga Hadiza a bakin ƙofa da farantin shayi a hannu. Ta ce, "Baba, kuma a haka kake tuƙi har Kano?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ga ni durƙushe, hannuna har lokacin a sama, gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa bai taɓa ce mini komai ba sai sa albarka. Sirrin da ya ɓoye wa 'ya'yan cikinsa, ni na tona shi a ranar da ya kamata ya zama babban baƙo. Kafin magariba Hadiza ta buga wa yayanta waya can Katsina, aka ɗauke makullin daga ɗakin Baba. Da muka kai shi asibiti, likitan ido ya ce na daman ba zai dawo ba, amma an zo da wuri don ceton na hagun.

Mutane sun yi ta ce mini ai alheri ne, wataƙila na tsare ran wani a hanya. Gaskiya ne, na yarda. Amma na san ba ceton rai na fito yi ba, yabo na fito nema.

Na yi ta kauce masa a cikin gida, har sai da ya kira ni da kansa wata safiya. Katin na hannunsa, ba abin leƙen, ya kara shi kusa da idon hagu. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Wannan jirgi, da yana sama, tsoronsa ake ji ko?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"To dubi yadda suka taru a kansa. Wannan har ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen don a ɗauke shi hoto. Akwai mutane fa a cikinsa lokacin da ya faɗo." Ya miƙo mini katin. "Da ka ja ni gefe ka tambaye ni, da na faɗa maka. Na gaji da ɓoyon."

Na dubi mai ƙafa a kan ƙarfen nan, da ƙirjinsa a buɗe, na ga har tsayuwarmu iri ɗaya ce.

Abin leƙen yana nan a saman kabad, ban ƙara fito da shi ga baƙi ba. Yanzu idan babba ya ce mini "na gani", ina karɓa in yi shiru, in kuwa akwai tambaya sai na bari mun keɓe. Baba kuma har yau, in mun yi waya, haka yake gaishe ni: "Likitan ido, ya aiki?"