Rasuwar Ƙafa-Uku, Saura Hoto Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai ciwon hawan dutse, Ottmar Rombach, tsohon malamin gandun daji, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Ƙafa-Uku, abin ɗora kyamararsa na katako, wadda ta auku ranar Talata da hantsi a kan dutsen Belchen.

Shekara ashirin marigayin yana hawa dutsen a kafaɗar Ottmar, sau huɗu a shekara, don a ɗauki hoton wata tsohuwar bishiya guda: tana lulluɓe da dusar ƙanƙara, tana toho, tana kore shar, sannan ganyenta ya yi ja. Mai haƙuri ne. Ya tsaya cikin sanyin da ke sa hanci zuba bai taɓa rawar ɗari ba, kuma iyakar ƙorafinsa “ƙiiiƙ” idan an buɗe shi. Aibinsa ɗaya taurin kai. Tun shekarar farko ƙafafunsa suka cije a tsayi ɗaya, ta hagu ta ɗan gaza, shi ya sa hotuna saba'in da tara suka fito da karkata iri ɗaya, wadda babu sabon da zai iya kwaikwayonta. An gwada na maƙwabci, bishiyar ta fito a miƙe kamar baƙuwa.

Ajali ya zo masa a siffar saniya. Wuyanta ne ya yi ƙaiƙayi, ta waiga ba ta ga abin susa ba sai shi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ƙaras”. An garzaya da shi wurin kafinta Meinrad, ya juya shi, ya ga ƙwari sun riga sun cinye cikinsa, ya ce, “Ottmar, ka yi haƙuri, wannan sai murhu.”

Ya rasu ya bar kyamara ɗaya, da jakar da ya huda, da uwargida Walburga, wadda ta sha tuntuɓe da shi a bakin ƙofa. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. “Kai ne dai ban yafe wa ba,” in ji ta ga mijin, “tunda kai kake ajiye shi a nan.”

Ottmar ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba. Saura hoto ɗaya shekara ashirin ta cika cif, ga ganye ya yi ja, an kuma ce iskar Lahadi za ta kakkaɓe shi duka.

Saboda haka an ɗage jana'iza. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe za a haura da gawar zuwa kan dutse ta ƙarasa aikinta, daga nan a sauko da ita murhun falo, a sha kofi da kek da ɗuminta. Ana neman mutum uku masu ƙarfin hannu, kowa ya durƙusa ya riƙe ƙafa ɗaya, ba motsi har rana ta haska bishiyar. Wanda ya san yana tari, don Allah ya yi ta'aziyyarsa daga gida.